Rumbun Kofur Nomau

Bana ma ruwa ya yi mana irin halin nasa. Ya sauko da wuri, kowa ya ruga gona, sai da masara ta kai gwiwa sannan ya ɗauke ƙafa. Yau kwana goma sha tara ke nan ko yayyafi babu a Zuru. Da safe nakan sa a fito mini da kujera gindin mangwaro, in zauna ina kallon gabas, ganyen masarar bayan gida kuwa duk ya nannaɗe ya yi fari-fari. Duk lokacin da na ga ganye ya yi haka, tunanina yakan koma wata damina ta tsakiyar shekarun hamsin, da wata takarda da na rubuta a cikinta.

Na yi kusan shekara talatin ina koyar da ilimin siyasa a jami'a. Ba na son dogon karatu na baki, don haka da sakamakon binciken jin ra'ayin jama'a nake koyarwa. In kawo wa ɗalibai amsoshin da mutane suka bayar: wa ya ce zai yi zaɓe, wa ya ce ya yarda da hukuma, wa ya ce bai sani ba. Yara suna son wannan ƙwarai, domin lamba tana sa mutum ya ji kamar ya kama gaskiya a hannu. Amma ranar farko ba na ba su sababbin takardu. Wani tsohon shafi nake raba musu, mai jerin gidajen wata unguwa da layi uku a gaban kowane gida: "Hatsi zai kai kaka", "Zai kai wata guda", "Babu". Su ƙirga, su raba, su gaya mini yadda yunwa ta kai a unguwar. In ce madalla, to wa ya yi tambayar? Sai aji ya yi tsit. Ban taɓa gaya wa ko ɗayansu cewa ni ne ba.

A shekarar da nake faɗa ina da shekara goma sha tara, ina ƙaramin malami a makarantar mishan. Ruwan farko ya zo da ƙarfi, muka shuka dawa da gero, suka fito gwanin kyau. Daga nan sama ta bushe. Rana ta riƙa dukan duwatsun da ke bayan gari har ba a iya taka su ba takalmi, ƙasa ta tsage, shuka ta kwanta ta ƙone. Da ruwa ya dawo dole aka sake shuka, kuma irin da aka sake shukawa daga cikin abincin gida aka ɗebe shi. Wasu sai da suka shuka sau uku. Wannan karon kuma ruwan bai san daidai ba, kullum kamar da bakin ƙwarya, ciyawa ta taso ta fi dawa sauri. Ga noma ya kama sosai, ga rumbu ya yi ƙasa.

Gidanmu aka koma tuwo sau ɗaya a yini, daga baya tuwon ya zama kunu. Mata suna fita tun da sassafe su yo tafasa da rama, a dafa a matse, a barbaɗa ɗan gishiri. Yara suna bin gindin kaɗanya suna tsintar waɗanda suka faɗo. Garin ɗorawa da a da ake ba yara su yi wasa da baki, shi ya zama abin damawa a sha a tafi gona. Har yau ina tuna yadda mutum zai sunkuya da fartanya, in ya ɗago sai ya ga duhu-duhu, ya tsaya ya dafa ƙugu har abin ya wuce. Kuma ina tuna warin dafaffen ganye, wanda ya kama tufafin kowa a makaranta har ba mai yi wa wani dariya.

Ni kuwa a lokacin ina shekara ta uku a golmo. Wanda bai san mu ba, golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa uban yarinyar da zai aura, shekara da shekaru, shi da abokansa. Yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan. Karatun boko bai fid da ni ba, domin babana ya ce alli ba ya aurar da mutum a gidansa. Ranar Asabar da lokacin hutu nake biyan nawa. Yarinyar sunanta Laraba, babanta kuwa Kofur Nomau, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da tabo a wuya da kuma tafiya kamar har yanzu ana yi masa fareti. Gidansa yana unguwar Rikoto, can gindin dutse. Mutum ne da ko ciwo yake yi sai dai ka ji a bakin wani.

Wata Asabar muka je masa maimai, mu goma sha biyu. Al'ada ce mai gona ya ciyar da 'yan golmo, amma a wannan damina ba wanda ke sa rai da abin kirki, wasu gidajen kunu kawai suke kawowa, kuma ba a ganin laifinsu. Rana na tsaka sai ga Laraba da mahaifiyarta da ƙorai a ka. Tuwon dawa ne, na gaske, mai tauri, da miyar busasshiyar kuɓewa har da daddawa. Muka zauna gindin kirya muka ci kamar ba gobe. Abokina Bitrus, wanda muke koyarwa tare, ya lashe yatsu ya ce, "Ishaya, ka iya zaɓen suruki." Na ji kaina ya yi girma. Na lura da abu ɗaya: Laraba ba ta wanke ƙoran a rafi ba kamar yadda ta saba, sai ta haɗa su da ɓarɓashin tuwon a ciki ta rufe da zane ta ɗauka. Na gani, amma ban kawo komai a raina ba.

Ran Litinin aka aiko makaranta daga ofishin hukuma ana neman waɗanda suka iya rubutu. An ce za a kawo hatsin taimako, kuma ba zai ishi kowa ba, saboda haka sai an bi gida-gida an rubuta waɗanda suka fi buƙata. Wani akawu mai suna Malam Sani ya ba mu takardu ya yi mana bayani.

"Mai gida za ku tambaya, ba mata ba, ba yara ba," in ji shi. "Abin da ya ce shi za ku rubuta. Kada wanda ya ƙara nashi."

Ya raba mana unguwanni. Bitrus ya sami Rikoto, ni aka ba ni unguwarmu. Muna fita na ja shi gefe na ce mu yi musaya. Ya ce don me? Na ce ai ba daɗi mutum ya tambayi ubansa. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Ina da sabon gajeren wando na kaki da fensir mai roba a gindi, kuma shekara uku ke nan Kofur Nomau bai taɓa ganina ba sai da laka har gwiwa. So nake ya gan ni da takardar hukuma a hannu, Laraba ma ta leƙo ta gani. Don wannan kaɗai na karɓi Rikoto.

Na soma da safe, ana yayyafi, na rufe takardun da ganyen ayaba. Aikin bai yi wuya ba. Wasu tun ban gama tambaya ba suke cewa babu. Wani tsoho ya kama hannuna ya ce in zo in leƙa rumbun da kaina, na ƙi, domin a wurinmu namiji ba ya leƙa rumbun wani. Ina rubutawa da fensir a littafin makaranta, da nufin in na koma gida in kwafe a takardar ofis da tawada. Gidan Kofur shi ne na goma sha huɗu.

Na tuɓe takalmi tun daga ƙofa, na shiga na durƙusa nesa da shi kamar yadda suruki yake yi. Yana zaune a kan turmi yana gyara ƙotar fartanya. Rumbunsa na tsakar gida, babba, an shafe shi sumul, jinkarsa a rufe ruf. A bakin ɗaki mahaifiyarsa ce zaune, tsohuwar da kowa ke kira Kaka, tana tsinkar tafasa a faifai. Muka gaisa da harshenmu. Da ya ga takarda sai ya juya zuwa Hausa, domin a wurinsa maganar hukuma da Hausa ake yin ta.

"Malam ne yau? Mi ya kawo ka?"

"Baba, aiko ni anka yi. Ana rubuta gidaje saboda hatsin da za a kawo."

"To, yi aikinka."

Na karanta masa kamar yadda na karanta wa kowa, idona a ƙasa. "Hatsin gidanga zai kai kaka, ko zai kai wata guda, ko babu?"

Ya yi ta buga ƙotar a ƙasa. Kaka ta ɗago kai ta buɗe baki, sai ya yi gyaran murya, ta mayar da kanta kan faifai.

"Ran Asabar ba ku ci tuwo a gonata ba?"

"Mun ci, Baba."

"Kun ƙoshi ko ba ku ƙoshi ba?"

"Mun ƙoshi ƙwarai."

"To rubuta abin da cikinka ya gani."

Na sa alama a layin farko, na yi godiya, na fita da baya. Raina fes, har ina cewa a zuci ga namiji. Cikin gidajen da na bi ranar nan kaɗan ne suka ce hatsinsu zai kai kaka, kuma ga surukina a cikinsu. Laraba ba ta leƙo ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai ke nan.

Bayan kwana goma hatsin ya iso, aka kira sunaye aka raba. Gidanmu ya samu, domin da Bitrus ya tambayi babana, ko tsayawa bai yi ba ya ce babu. Bitrus ɗan wani ne, ba abin da ke tsakaninsu sai gaisuwa. Muka koma tuwo da yamma, ƙannena suka daina kuka. Ruwa kuwa bai fasa ba. Rafuka suka cika, bangon wasu ɗakuna ya zube, itace ya jiƙe har mata na hura wuta suna hawaye.

Ana gobe za mu koma gonar Kofur sai ya aiko a ce mana mu dakata, zai neme mu. Abokaina suka yi murna sun sami hutu. Ni abin ya tsaya mini a rai, don ban taɓa jin wanda ya kori 'yan golmo ciyawa na cin gonarsa ba. Asabar ta gaba ma ya sake aikowa. Sai na tafi hanyar rafi inda na san Laraba na bi, na tsaya har ta zo da tulu. Na ga ta rame. Wuyanta ya yi tsawo, zanenta ya zagaye ta har da saura.

"Mi ya sa Baba ya hana mu zuwa?" na tambaye ta.

"Da mi zai ciyar da ku?"

"Ba hatsi gare ku ba?"

Ta sauke tulun ta dube ni, irin kallon da har yau takan yi mini in na yi tambayar wauta.

"Tuwon da kunka ci ran nan, shi ne na ƙarshe. Sai da anka share rumbu da tsintsiya sannan ya kai ku. Abin da kunka rage a ƙorai shi yara sunka ci."

"To don mi bai hwaɗa mini ba? Ai na tambaye shi!"

"Kai zai hwaɗa ma? Mutumin da ke noma mai don ya ɗauki ɗiya tai? Ya dubi idonka ya ce ba ya iya ciyar da gida nai?" Ta ɗauki tulun. "Kaka ba ta ci. In an ba ta sai ta ce ta ƙoshi, ta tura ma yara. Ƙafafunta sun kumbura."

Ban san lokacin da na isa ofis ba. Na sami Malam Sani, na ce an yi kuskure a gida na goma sha huɗu. Ya buɗe takardar ya juyo mini da ita.

"Wanga ba hannunka ba ne?"

"Nawa ne."

"Mai gidan ya ce babu, kai ka rubuta akwai?"

"A'a. Abin da ya ce na rubuta."

"To ina kuskuren?" Ba da faɗa ya yi maganar ba. Ya kai ni ya nuna mini ɗakin ajiya, ba komai ciki sai buhunan da aka zazzage. Ya ce akwai wata mota da ake jira, amma ruwa ya cinye hanya, ba wanda ya san ranar da za ta ƙetaro. Ya ce in ta zo zai tuna da ni. Ba ta zo ba sai bayan an fara cin sabon gero.

Na koma gida na ce wa innata zan ɗebi rabona na dawa in kai Rikoto. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka kai mai hatsi da hannunka? Ka tambaye shi a gaban uwa tai bai ishe ka ba, sai ka ƙara mai da sadaka? Wallahi ko zai mutu sai ya maido ma da shi, kuma auren ya tashi. Zauna, ɗan boko."

Washegari ta ɗaure hannunta na dama da tsumma, ta auni dawa a ƙwarya ta tafi Rikoto. Ta ce wa mahaifiyar Laraba hannunta ya gurɗe, ba ta iya niƙa, ko Laraba za ta taimaka ta niƙa mata? Ta ajiye ta dawo. Ba ta koma karɓar gari ba. Bayan kwana uku ta sake kai wata ƙwaryar, da tsumman a hannu. Haka ta riƙa yi har ƙarshen damina, mu kuma muka koma kunu. Babana ya sani, Kofur ma ya sani, kuma cikinsu ba wanda ya taɓa tambayar yaya hannun. Wata rana ma ta manta ta ɗaure na hagu, matan suka gaishe ta da jiki kamar kullum.

Yaran gidan Kofur sun tsira. Kaka ce dai abin ya riga ya yi mata nisa. Ko da tuwo ya dawo cikinta ya daina karɓa, in ta ci loma biyu sai ta dawo da ita. Ta rasu wata ranar Laraba da hantsi, ana ruwa, saura kwana kaɗan a fara karya gero. Mu 'yan golmo muka haƙa kabarin, ƙasar na ta zubowa saboda laima. Mutane suka ce tsufa ne, kuma lalle ta tsufa. Amma ni na ga lokacin da ta buɗe baki za ta yi magana, na kuma san hatsin da ya wuce ƙofarsu kwana goma bayan nan. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, kuma na ji kunyar wandon kakin nan har ban ƙara sa shi ba.

Kofur bai ce mini komai ba sai da kaka ta yi. Dawar da aka shuka a makare ta yi kyau fiye da zato. Muka yanke, muka ɗaure, muka kwaso dammuna zuwa gida. A ƙa'ida mu a tsakar gida muke zubewa, 'yan gida su ke zubawa a rumbu. Ranar nan sai ya jingina tsani ya ɗage jinka, ya kira ni.

"Malam, hau."

Na tsaya ina duban abokaina.

"Hau ka duba, na ce."

Na hau na leƙa. Ba komai a ciki, ƙasan a share tas, har ana ganin sawun tsintsiya. Na sauko ban iya ɗaga kai ba. Ya matso kusa yadda ba mai ji sai ni.

"Da Bitrus anka aiko, da na hwaɗa mai. Da Bahillace anka aiko daga daji, da na hwaɗa mai. Amma kai, da wane baki?" Ya miƙo mini damin farko. "Zuba."

Shekara huɗu bayan nan aka ba ni Laraba. Daga baya na sami hanyar ƙaro karatu, abu ya yi ta tafiya har na tsinci kaina a gaban aji ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake karanta ra'ayin jama'a. Littafin makarantar nan da na yi rubutu da fensir ban yar da shi ba, daga cikinsa na kwafo shafin da nake raba wa ɗalibai, na cire sunaye na bar lambobi. In sun gama shiru sai in ce su ɗauka mai tambayar surukin gida na goma sha huɗu ne. 'Yan birni sukan yi dariya. Waɗanda suka tashi a ƙauye ba sa dariya, sai ka ga sun sake jawo takardar suna dubawa.

Yanzu ba a share rumbu da tsintsiya a unguwarmu. In fari ya yi, mai ɗa a soja ko a birni waya yake bugawa, kafin yamma ɗan acaɓa ya sauke masa buhu a ƙofa. Wanda ba shi da kowa kuwa yana nan yana dafa ganye, sai dai yanzu a bayan katanga yake yi, ba mai jin warin.

Makon jiya wata yarinya ta yi sallama, da riga mai tambari da waya a hannu. Ta ce suna bincike ne a kan yadda jama'a ke ganin hukuma da halin rayuwa, kuma a gidan nan matar gida ce tsarin ya faɗo a kanta. Na ji daɗi, na sa aka ba ta kujera, na gyara zama don in ga yadda 'yan yanzu suke aikin. Ta yi wa Laraba tambayoyi a kan zaɓe da asibiti da hanya, tana amsawa tana tsinkar zogale a faifai. Yarinyar ta iya aikinta, ba ta sa mata magana a baki. Can sai ta karanta: "Mama, a cikin shekarar da ta wuce, sau nawa ke ko wani a gidan nan ya rasa isasshen abinci?"

Ni na san amsar, ko dai ina zaton na sani. Fanshona ba ya zuwa a kan kari, amma ban taɓa zama aka ce mini babu tuwo ba. Kullum ana kawo mini nawa a rufe, in ci a gindin mangwaro, Laraba kuma takan ce ta riga ta ci a ɗaki.

Laraba ta ajiye faifan. Ba ta dubi yarinyar ba, ni ta duba.

"Malam," ta ce, "tashi ka ba mu wuri."

Na ɗauki sandata na fita ƙofar gida, na tsaya a rana ina kallon masara har suka gama.